Ƙerana ta sha alwala

Ƙofar 'Yandaka ta ga shigowar Lugga a 1903, ta ga amalanke da tirela, amma ina shakka ko ta taɓa ganin ƙerana ta mutu da ƙoshin ruwa sai a gidanmu. Itacen da ke shekara a tsandauri ko yayyafi bai roƙa ba, na dasa shi a tukunyar roba marar huda, na ajiye a gindin rijiya. Ashe Inna ta ɗauke ta marainiya. Kowace alwala, ragowar buta tata ce, sau biyar a yini, ga ruwan Agusta kuma.

Da na latsa gindin sai yatsa ya lume kamar a ruɓaɓɓen tumatur. Ya yi baƙi, yana wari, saiwoyin sun zama dambu. Can sama kuwa kore shar, ƙaya a miƙe, kai ka ce mai gadi.

Na gasa wuƙa a garwashi, na yi ta yankawa sama-sama har sai da na daina ganin ɗigon baƙi a tsokar. Farin ruwanta yana ƙuna, don haka na sa leda a hannu, na kau da ido. Na barbaɗa toka, na bar ta a inuwa sati biyu bakin ya bushe, sannan na kafa ta a busasshen yashi cikin kaskon ƙasa mai huda.

Jiya na tarar da Inna tsaye a kanta, buta a hannu.

"Inna, don Allah!"

"Kai, ɗan nan, ko kurɓi ɗaya?"