A Dawo Bayan Minti Ɗaya

Ni ne injiniyan ƙungiyarmu ta 'yan hatsi, ba don na karanta komai ba, sai don ni kaɗai ke da kwamfuta. Aikina ɗaya ne: duk Alhamis in kasuwar Shinkafi ta ci, in sa farashin gero, dawa da wake a shafinmu na intanet don abokan cinikinmu na Kudu. Wani yaro ne ya gina mana shi da WordPress, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi bautar ƙasa.

Wata Laraba da daddare ina gida a Ƙaura Namoda, sai na ga jan ɗigo a gefen allo ɗauke da lamba 14. Wai ƙananan manhajoji goma sha huɗu ke neman a sabunta su. Ni kuwa tun Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara har sai mutum ya tsallaka wata jiha kafin ya ce wa ɗan'uwansa "ya gida", na ɗauki sabis tamkar ruwan sama: in ya sauko, ka tara duk mazubin da ke gidan. Na haɗa sha huɗun nan gaba ɗaya, na yi bismillah, na danna. Ana kan ta biyar sabis ya yi layar zana.

Shafi ya koma fari fat, sai layi ɗaya na Turanci, wai an rufe don gyara, a dawo bayan minti ɗaya. Na ce minti ɗaya ai ba abin faɗa ba ne. Na ci tuwo, na dawo, na tarar ya buɗe. Murna ta sa na sake haɗa su na danna. Ya sake rufewa. Haka muka kwana ni da shi, rabin daren ina saman soro riƙe da waya sama kamar mai neman wata, sauro na walima da ƙafafuna. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura, amma ban jin akwai fasinjan da ya taɓa jiran jirgi yadda na jira minti ɗayan nan.

Da hantsi shugabanmu ya kira daga Zurmi.

"Malam, mi ya hwaru? An ce shahinmu na wurin gyara. Wane makanike ka ba?"

"Ranka ya daɗe, shi ke gyara kansa."

"To kada ka biya shi sai ya gama."

Dole na aika a kira ɗan ƙanwata da ke karatu a Foli. Ya iso daidai na danna karo na bakwai. Ya kalli allo, ya kalle ni, ya haɗiye dariya saboda kunya.

"Kawu, ka san bencin da mai shago ke gittawa a ƙofa in zai tafi masallaci? Shi ne wannan. In WordPress zai sabunta, sai ya ajiye ɗan fayil mai suna .maintenance, in ya gama ya ɗauke. Naka ba ya gamawa, benci na nan."

Ya shiga cPanel, ya buɗe public_html. Na ce ban ga komai ba. Ya ce duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoye yake, sai ka ce a nuna ɓoyayyu. Sai ga shi, layi ɗaya tak a cikinsa, bai kai ƙwayar gero nauyi ba. Ya goge, shafi ya buɗe.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarin bayaninsa. Wai bayan minti goma WordPress kan daina kula da bencin da kansa. Wato duk daren ni ne nake komawa ina gitta shi da hannuna. Ya adana kwafin shafin tukuna, ya sake ɗora manhajar da ta karye a tsakiya, sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Farashin gero ya hau shafi bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. A littafin ƙungiya kuwa ma'aji ya rubuta: kuɗin makanike, shayi da burodi da ƙwai biyu.