Wayoyinmu da 'Yan'uwanmu na Maraɗi

Mu mutanen Jibiya mun tsiro da wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bayan sallar isha'i za ka same mu a teburin mai shayi, kofi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Can sai wani ya ɗago kai ya ce, "Kun ga abin da aka sa a Facebook? Wai 'yan Nijar ne ke shigo mana da makamai, su ke kwashe mana masara, a kore su kowa ya huta." Kafin shayi ya huce, mutum biyar sun tura saƙon zauren WhatsApp na unguwa. Wanda kuwa ya dafa mana shayin, daga Ɗan Isa ta Nijar ya zo, ya daɗe a cikinmu, yana ji yana ta fifita gawayinsa.

Rannan wani dattijo ya kasa haƙuri. Ya dubi saurayin da ke karanto saƙon ya ce, "Yaro, kakarka ta wajen uwa, daga ina aka auro ta?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Daga Madarunfa ta Nijar, Baba." Majalisa ta yi tsit.

Ai duk mun san haka abin yake. Da jihadin Shehu Usmanu ya ci Katsina, sarakunan Haɓe arewa suka yi, suka zauna Maraɗi, har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkin can. Daga baya ne Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar, shinge ya ratsa tsakanin gona da gona, tsakanin wa da ƙane. Mu kuwa ba mu fasa zuwa bikin juna da ta'aziyya ba, naira da sefa a aljihu ɗaya.

A 2019, da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutanenmu jihar Maraɗi suka nufa, da goyo da ƙunshin kaya a ka. Ƙauyukan Gidan Rumji suka buɗe musu zaure, suka raba ɗan geron rumbunsu da su. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin Yamai, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Mun ga yadda Magama, garin bakin iyakarmu, ta yi shiru, direbobi da 'yan dako suka zauna hannu rabbana, har sai da aka buɗe a watan Maris na 2024.

Tsoronmu na gaskiya ne, mun binne 'yan'uwa, mun biya kuɗin fansa. Amma ɓarawon daji yana da suna, kuma akwai irinsa a kowane ɓangaren iyaka. Idan muka ɗora laifinsa a kan mai gadi da ɗan ga-ruwa da ɗan ci-rani, mun zalunci talaka irinmu, shi kuma ɓarawon yana can yana barcinsa.

Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi gudu, don kafin gari ya waye an karanta ta a Maraɗi. Don Allah jama'a, kafin mu tura, mu tambayi wa ya faɗa, a ina ya gani. Mu kuma ɗaga kai mu dubi fuskar wanda ke miƙo mana kofin.