'Yan Ziyarar Lakwaja, Kowa da Tasa

Matafiyin da ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kudu ya san Lakwaja da zafi da kifi. Amma a nan ne Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, kuma nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Shi ya sa garin ba ya rabuwa da baƙi, kowa da abin da ya kawo shi.

Akwai Malam Na-Riga-Ka-Sani. Ɗan jagora zai fara ba da labarin yadda Flora Shaw ta raɗa wa ƙasar nan suna tana kallon kogi daga Dutsen Patti, sai ya katse shi: "A'a yaro, a jaridar Landan ta rubuta, 1897." Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Daga nan bakinsa ba ya rufuwa. Sai ya kai ku Zungeru, inda hedikwatar Turawa ta koma a 1902, ya wuce da ku Kaduna a 1917, alhali kuna tsaye a rana gumi yana tsiyaya.

Sai mai kewar Bature. Kowane bango ya gani sai ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai: "Ka ga aikin Nasara! Shekara ɗari da ɗoriya ko tsagewa babu." Bai taɓa tambayar wanda ya ɗauko dutsen a ka ba, ko nawa aka biya shi, in ma an biya. Abokin gabarsa kuwa da fushinsa ya taho tun daga gida. Lugga ya mutu tun 1945, amma shi yau yake son a yi ta ta ƙare, yana ta zazzaga masa masifa cikin Turancin da ko Luggan sai ya buɗe ƙamus. In Allah ya haɗa waɗannan biyu a mota ɗaya, direba ba ya bukatar rediyo.

Hajiya mai hoto ta hau Patti da ƙyar, inda ake hangen mahaɗar Kwara da Binuwai, ta juya musu baya ta ɗaga waya. Tambayarta ɗaya ce: akwai sabis a nan?

Alhajin filaye bai ga tarihi ba ko kaɗan. A maƙabartar Turawa ma taku yake ƙirgawa, yana lissafin fuloti nawa za su fita. Wani kuma bai ko sauka daga mota ba, sai da aka zo wajen masu kifi.

Wanda na fi so shi ne dattijon Kano da ya zo don kabarin Sarki Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Shi dai ya san abin da ya kawo shi. Zai yi addu'a a natse, ya haɗa har da Sarkin Zazzau Kwasau, ya shafa. Sannan ya matso ya raɗa maka cewa kakansa ne ke riƙe wa Alu linzami. Da za a tara duk masu wannan kakan, sai an yi wa dokin Sarki linzami ɗari.

In za ka je, ka hau Patti da sassafe, ka riƙe ruwa, kuma ka duba wanda za ka zauna kusa da shi tun kafin mota ta tashi.