Fadar Sarki da Kabeji

Muna jiran keke a Tina Junction, sanyin Jos na ratsa ƙashi, wani ƙanena ya nuna mini hotuna a waya. Wai Turawa kan sayi mota mai gado da murhu da banɗaki, su bi gaɓar kogin Luwar a Faransa suna kallon fadojin sarakunan da. Akwai Shambor, wadda aka fara ginawa a 1519, ɗakuna sama da 400, amma sarkin da ya sa a gina ta bai cika kwana ciki ba.

Na ce, "Kwana a mota? Ai direbobin tirelarmu sun riga su, har da tabarma da butar shayi, ba wanda ya kira su masu yawon buɗe ido."

"Yaya, ka ga lambun Bilandiri da ke can kuwa?"

Na duba. Kabeji ne da karas da latas, an jera kamar sojoji. Biya ake yi a shiga, a kalla, a fito hannu rabbana! Da matan kasuwar kayan lambu ta Farin Gada sun ji, da tuni sun fara yanka tikiti.

Keke ya tsaya. Mu biyar muka cusa kanmu, da buhun dankali.