Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jirgin Sama Mai Araha

Zuwa ga Jirgin Sama Mai Araha,
duk inda wannan takarda ta same ka, a sama ko a ƙasa, ko da yake na fi zaton a ƙasa za ta same ka ana yi maka "ɗan gyara kaɗan".

Daga Gummi nake rubuto maka, a madadin kaina da sauran masu niyyar Umara na Anka da Bukkuyum, waɗanda suka ga farashinka a wayar ejan suka yi hamdala, wani ya kai bijimi kasuwa, wani ya fitar da buhunan wake, kowa ya ce bana kam an kira shi. Ba faɗa ya kawo mu ba. Wanda ya sa talaka ya ga Ka'aba da idonsa ba a yi masa rashin kunya. Tambayoyi ne suka taru mana, kuma lambar da ka bayar ta ƙorafi, in an kira, wata mata ce ke cewa a danna ɗaya, a danna biyu, har kati ya ƙare ba a ji muryar ɗan Adam ba.

Wannan kuɗin da kake rubutawa da manyan lambobi, na mene ne? Iya fahimtata, kuɗin ɗaukar mutum ne da rigar da ke jikinsa. Jaka da kuɗinta daban. Jaka ta biyu ta fi ta farko tsada, sai ka ce ita aka fi so. Zama kusa da iyalinka ma sai an biya, in ba haka ba kwamfuta ta jefa Hajiya can baya tsakanin ƙarti biyu da ba ta taɓa gani ba, kai kana gaba kana ta waige har wuya ya ƙage. Ruwan sha na sayarwa ne. Kuskuren harafi ɗaya a suna, Abubakar ya zama Abubkar, gyaransa ya isa kuɗin ragon suna. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado, mun yarda, ba mu zo neman ado ba. Amma ba mu taɓa jin an ce araha ba ta shan ruwa ba.

A tashar motar Gummi, in ka biya kuɗin Gusau, ɗan kamasho zai dubi buhunka ya ce sai an ƙara wani abu. Ka ce haba, ya ce wallahi, wani dattijo ya sa baki, ka ba da abin da ya sauwaƙa, a danna buhu a but a ɗaure da igiya a wuce. Kowa ya cuci kowa kaɗan, an rabu ana dariya. Kai kuwa sikelinka ba ya jin rantsuwa, ba ya ganin furfura. Kilo bakwai na kayan hannu, in ya zama takwas, ko limamin gari ne sai ya durƙusa ya buɗe jaka.

A filin jirgi na Kano na ga wata tsohuwa daga wajen Nasarawar Burkullu ta ɗora bakkonta a sikelin nan, lamba ta haura. Yaron da ke bayan kanta ya ce Mama sai an rage. Ta zauna a ƙasa ta kwance zanen da ta ƙulle bakin jakar da shi, ta fara fitarwa: hoce a leda, ƙuli-ƙuli, garin kunu, kuka, daddawa da aka nannaɗe da takarda har sau uku amma duk layin ya san tana nan. Ta ɗaga wani ƙullin yaji ta ce, "Ɗana, wanga ɗan yaji shi ka hana jirgi tashi?" Yaron ya sunkuyar da kai, don shi ma yana da kaka. Nan take mutanen layi suka miƙo hannu. Wannan ya sa kuka a aljihun jakarsa, wancan ya karɓi garin kunu, hocen kuwa aka raba aka ci a tsaye. To ranka ya daɗe, ka yi lissafin da kanka. Ko giram ɗaya bai koma gida ba. Duk nauyin ya shiga cikinka, wani a jakar maƙwabci, wani a cikin ciki, kuma ka tashi da shi lafiya lau.

A dawowa abin ya fi haka. Za ka ga mutum siriri a Jidda ya shigo layi ya yi ƙiba dare ɗaya: jallabiya uku a jiki, darduma a wuya, aljihu huɗu cike da dabino da bagaruwa, yana gumi yana carbi. Kada ka ɗauka son kaya ne. Kai kana ƙirga fasinja ɗaya a kujera ɗaya, mu kuwa babu wanda ke tafiya shi kaɗai. Wanda ya tashi daga Anka ya tashi da unguwa guda a wuyansa: gwaggon da ta kawo masa fura ranar sallama, surukin da ya ranta masa cikon kuɗin biza, almajiran da suka yi masa saukar Alƙur'ani, maƙwabcin da zai kula da gona. Kowa yana jiran ko da kallabi ne, ko turare ɗan kwalba. Zamzam kuma galan ɗaya ne mai lita biyar, shi za a yi ta tsiyayawa a murfin kwalba har ya kai gida arba'in. Mutumin da ya dawo daga Makka hannu rabbana, ya ce wai kilo ne ya hana, gara ya tsaya Funtuwa ya nemi wurin zama.

Na ji labarin danginka na ƙasashen waje, kuma ina roƙonka kada wannan sakin layin ya ba ka shawara. A 2009 shugaban Ryanair, Michael O'Leary, ya fito ya ce yana tunanin sa kuɗin shiga bayi a cikin jirgi, fam ɗaya. Allah Ya taimaka maganar ba ta tabbata ba. A 2013 kuma aka ji wani ƙaramin kamfani, Samoa Air, yana auna fasinja tare da kayansa, kowa ya biya gwargwadon nauyinsa. Wannan ta biyun, in ka ga dama, ka kawo mana ita. Manomin da ya yi damina yana noma a fadamar Gulbin Zamfara ba shi da kitsen da zai biya wa haraji, rarar sai ta koma kan dabino. 'Yan siyasar da ke zaune a gaba su ne za su ji a jikinsu.

Abin da ya fi sikeli ci mini rai shi ne agogonka. Ka ce ƙarfe huɗu na yamma, sai cikin dare ka aiko da saƙo ta imel cewa an dawo da tashi ƙarfe shida na safe, ko an ɗaga zuwa jibi. Da wa kake magana? Mutumin da ke ƙauyen Bukkuyum sai ya hau tudu ko ya tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin sanda ɗaya ta sabis ta leƙo. Ko saƙon ya iso, ka san hanyar? Daga Gummi sai Daki Takwas, sai Anka, sai mahaɗar Mayanci, sannan Gusau, Tsafe, Funtuwa, kafin a fara maganar Kano. Wannan hanya ba a bin ta da dare, kuma ba don ramuka ba. Direbobi suna jiran rana ta ɗaga, suna tambayar na gaba ko hanya lafiya, wani lokaci a jira rakiyar jami'an tsaro. Don haka duk mai hankali kwana biyu yake ba ka a gaba, ya kwana a masauki ko a shagon ɗan'uwa a Kano, yana cin guzurin da ya tanada don Madina. In hazo ya sauka a watan Disamba ko Janairu ka ce ba ka ganin hanya, sai a ƙara kwana. Duk wannan ba ya cikin lambobin nan manya da ejan ya nuna mana. Alhazan Zamfara sun daɗe suna zuwa Sakkwato su hau jirgi a filin Sultan Abubakar na Uku, kuma da aka ƙaddamar da aikin filin jirgin Gusau a 2024 kowa ya ce madalla. Sai dai daga Gusau zuwa Gummi ma tafiya ce mai neman addu'a.

Kada ka ce ba mu san wahalar tafiya ba. Kakanninmu a ƙafa suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma a hanya suna neman guzuri, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu su zauna can gaba ɗaya. Garin Maiwurno da ke bakin Kogin Nilu mutanenmu ne da suka bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, suka ci gaba da tafiya bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗan garinmu Gummi, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya yi aikin kula da alhazai a Jidda a shekarun 1950, lokacin da labarin mahajjaci sai a bakin wanda ya riga shi dawowa. A wancan zamani shiru na shekara uku ba ya hana uwa barci, ta bar wa Allah. Yau a ƙasarmu, in wayar matafiyi ta yi awa uku a kashe, gida ya rikice, don kowa ya san abin da shirun waya kan nufa a hanyar nan. Shi ya sa kalma uku, "na sauka lafiya", suka fi duk tsarabar da ke cikin jaka daraja, kuma su ne ka fi wahalar da mu a kansu.

Tikitin araha ba ya tafiya kai tsaye. Sai ka sauke mu a wata ƙasa tsakar dare ka ce mu jira awa goma sha. Akwai intanet na kyauta a filin, gaskiya ne, amma kafin ya buɗe sai ya tura lambar sirri zuwa layinka, layin da ya mutu tun da muka bar sararin Najeriya. In kuma layin bai mutu ba, to ya farka da yunwa. Wani abokin tafiyata ya bar datarsa a kunne, hotunan bikin da aka turo a zauren 'yan uwa suka sauka da kansu, kafin ya gama alwala katin da ya sa na wata guda ya tafi. Wani yaro mai gilashi ya ce mana ai da mun sayi sim ɗin da ba a sakawa, wanda ake saukewa ta intanet. Muka dubi Tecno da itel ɗin da ke hannunmu, muka yi masa godiya.

Dole ta koya mana dabarunmu. Layin gida a bar shi cikin waya amma a kashe masa data, don ta nan banki ke turo lambar sirri, kuma in ka cire shi ka sa a aljihun jallabiya, wanki zai tafi da shi. In an isa Saudiyya a nemi layin can, STC ko Mobily ko Zain, da fasfo da dangwala yatsa, a sa data ta mako ko ta wata. Mutum biyar na ɗaki ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi ɗaya mai yawa, mai wayar ya zama sarkin ɗaki, ba ya fita ɗawafi sai an yi masa rakiya. Kiran murya na WhatsApp ya daɗe yana gardama a can, shi ya sa alhazai suka san IMO. Mafi sauƙi dai saƙon murya: ka faɗi abin da za ka faɗa, ka gai da kowa da sunansa, ka tura, ya tafi ya jira.

Jiran kuwa ba a wajenmu kaɗai yake ba. A gida wayar tana wurin mai caji tun safe, sai bayan la'asar yaro ya karɓo. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, to in ka idar da isha'i a Harami ka kira, su suna shirin magariba, wayar tana aljihun wanda ya tafi masallaci. Data kuma tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sauraron saƙon minti biyar sai an yi shawara. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa shiga mota zuwa jihohin maƙwabta don su yi kira ɗaya su dawo. Wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ya ce "lafiya lau muke", ba sai an yi masa bayanin tsadar magana ba.

Wani ɗan boko cikinmu ya nuna mini cewa dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun ce in jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, a kuma ba shi damar kira biyu ko saƙo biyu kyauta. Na ga abin taɓawar sau ɗaya, biskit ne mai guda huɗu, Allah Ya saka. Kiran ne ban taɓa gani ba. Da na tambayi wata ma'aikaciyarka, ta dube ni kamar na roƙi a ba ni tuƙi.

Saboda haka ga buƙatata. Ka riƙe ruwanka, za mu sha a gida mu cika ciki. Ka riƙe kujerar taga, gajimare duk iri ɗaya ne. Amma kira biyun nan ina bin ka, kuma na riga na raba su. Na farko na Inna ne a Gummi, a kira ta bayan la'asar, a yi magana da ƙarfi, a ce mata jirgi ne bai tashi ba, ba hanya ba ce. Na biyu na direban da ke jiranmu a Kano tun jiya, a ce masa ya ɗauki wasu fasinjojin ya wuce tun rana ba ta yi ba.

Naka mai biyan kuɗin jaka,
wani fasinja daga Gummi,
kujerar tsakiya, layin da ke jikin bayi.