Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Wakilin Jitar Japan

Bazazzagi, bawan Kanawa, ya rake, ya fate? Labari ya iske mu a Kano cewa ka naɗa wa kanka rawanin wakilin mawaƙan Japan a birnin Zariya. An ce ko kiranka aka yi a waya, kafin ka ɗauka jita ta gama firgita kajin unguwa. To madalla. Kai ne fa shekara da shekaru kake mana gori wai Kanawa na rera waƙar Indiya ba su san me ake faɗa ba. Mu dai ko banza mun tsinci Indiyanci daidai na gaisuwa da cefane. Kai me ka tsinta?

Waƙar da kake haukacewa a kanta, "Haruka Kanata", ta ƙungiyar Asian Kung-Fu Generation ce, kuma na san ba a faifansu ka same ta ba. A katun ɗin Naruto ka ji ta, don ita ce ta biyu cikin waƙoƙin da aka riƙa buɗe shirin da su. Shi ya sa minti ɗaya da rabi kawai ka iya, iyakar abin da talabijin ke yankowa ke nan. Cikakkiyarta ta kai wajen minti huɗu. Da an wuce inda ka haddace sai bakinka ya mutu, ka koma gyaɗa kai da lumshe ido wai kai ga mai fahimta.

Zauna ubangidanka ya karantar da kai. Su huɗu ne, kuma a 1996 aka kafa ƙungiyar a jami'ar Kanto Gakuin da ke Yokohama. Masafumi Gotoh, mai tabarau, shi ke waƙa yana kaɗa jita. Kensuke Kita ne ke riƙe da ɗaya jitar, Kiyoshi Ijichi na kan ganguna, shi kuwa Takahiro Yamada shi ke da jitar nan mai kaurin murya, wadda gurnaninta ke buɗe waƙar taka tun kafin kowa ya ce uffan. Wannan gurnanin kake kwaikwayo da baki a kan babur, har mutane na tsammanin salansa ce ta fashe.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Da farko da Turanci yaran nan suke waƙa, suna sayar da 'yan fayafayensu da kansu, ba wanda ya san da zamansu sai 'yan tsiraru. Da suka koma harshen iyayensu sai ƙofa ta buɗe. A 2002 suka fitar da ƙaramin kundin da "Haruka Kanata" ke ciki, shekara na zagayowa kamfanin Ki/oon na Sony ya sake buga shi. A 2004 "Rewrite" ta zama mabuɗin katun ɗin Fullmetal Alchemist, kundinsu Sol-fa kuma ya haye saman jadawalin ciniki na Oricon. Da Japananci tsantsa muryarsu ta ƙetare teku har ta iso Tudun Wada ta same ka. Amma kai masoyin nasu, jimla ɗaya ta Hausa ba ka iya kaiwa ƙarshe sai ka cusa mata Turanci uku, wai don garinku na da jami'a. Jami'ar ma ai gittawa kake ta ƙofarta in za ka kasuwar Samaru.

Kuma duk waƙarsu da ka sani, katun ne ya kawo maka ita har gida: "After Dark" daga Bleach a 2007, "Blood Circulator" daga Naruto Shippuden a 2016. Na tambaye ka "Solanin" ka ce maganin mura ne. Waƙa ce ta 2010, ta fim mai wannan suna, kuma Inio Asano, wanda ya zana littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, shi ya rubuta baitocinta. A kunnena ta fi sauran zama a rai, don babu gaggawa a cikinta. Na san ba za ta yi maka ba, tunda ba a dambe.

Ita kuwa "Re:Re:" da suka sake ɗauka a 2016, doguwar shimfiɗar jita ce a gabanta kafin murya ta shigo. An ce da ka ji shiru ba waƙa sai ka mayar wa mai tura waƙoƙi, wai ya cuce ka ya ba ka kiɗa zalla.

Ko katun ɗin ma ba ka iya kallo ba. Ka ƙare Bocchi the Rock! na 2022 kaf, ba ka lura cewa 'yan matan nan huɗu sunayensu Gotoh da Kita da Yamada da Ijichi ba, wato sunayen gwanayen naka aka ara musu.

Watan cika-ciki na tafe, na san ka fara lissafin kuɗin shararka. Bana da sharaɗi. Ka zo Kano, ka tsaya a bakin Kantin Kwari, ka rera "Haruka Kanata" daga farko har ƙarshe ba tare da leƙen waya ba. In ka yi tuntuɓe, kuɗin motar komawa ma kai za ka biya, kuma ka taho da rake.