Bazazzage da Lambobi Shida

Gaisuwa ga bawana na Zazzau, mai sabuwar waya. Ina fatan iyali suna lafiya, su da ba su da laifin komai sai na haɗa gida da kai. Na so in bar kaza cikin gashinta, amma tunda ka miƙe a wajen ɗaurin aure, gaban surukai da baƙi, ka ce wai Kanawa ba su san waya ba sai sayar da ita, to yau a fili za a yi ta, a shafin jarida, inda ba ka da ikon danna "goge wa kowa".

Mu fara daga kwali. Ranar da ka sayo wayar nan a PZ ba ka ce mana tana da sauri ba, ba ka ce tana jin magana ba, lambobi kawai ka yi ta jero mana: ram 16, kyamara 108, batir 5,000. Na karɓi kwalin na duba, abin da aka rubuta 8+8 ne. Takwas ɗin farko shi ne na gaskiya, nan ne waya ke baje aikin da take yi a lokacin. Takwas na biyu aro ne. Wayar ce ke yankar wani ɓangare na ma'ajiyarta, inda hotuna da bidiyo ke kwana, ta ce shi ma ram ne, alhali bai kama ƙafar na ainihin a sauri ba. Tamkar mutum ne ya ƙirga kuɗin aljihunsa, ya haɗa da bashin da yake sa ran ci, ya ce ga jarinsa. A Kantin Kwari mai irin wannan lissafi ba ya kai Sallah da shago.

Kyamarar kuwa ba ƙarya aka yi maka ba, ɗigo miliyan 108 ɗin suna nan. Sai dai ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa wayar ke haɗa su tara-tara su zama ɗaya don su tara haske, hoton da kake ɗauka yau da gobe ya fito a miliyan 12. Dabara ce mai kyau. Abin da ba shi da kyau shi ne maiƙon ƙosan da ya yi wa gilashin kyamarar kaca-kaca, har duk hoton da ka turo ba a gane ango daga abokin ango. Goge gilashi da bakin riga kyauta ne, ko a Zariya.

Cajar da ta zo da wayar ka manta ta a majalisa tun makon farko, sai ka tsaya a Kwangila ka sayi wata a hannun yaro mai yawo da su a faranti, ka haɗa da fawa bank da aka rubuta wa 50,000 a jiki, mai girman sabulun wanka. Malam, na gaskiya mai 20,000 nauyinsa ya doshi rabin kilo, kuma ko shi ba ya ba ka duk abin da ke rubuce. Batiran cikinsa a kan wuta 3.7 suke, waya kuma 5 take karɓa, to wajen ɗaga wutar da zafin da ke fita sai kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Naka da ba ya iya cika waya sau ɗaya, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsa. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan batir guda da ƙullin yashi don ya yi nauyi a hannu. Sannan ka daina cusa waya ƙarƙashin filo tana caji. Zafi ne babban makashin batir, ba dare ba.

Sai kukan data. Kullum kana tsine wa kamfanin layinka wai suna shanye maka ita da rana tsaka. A nan zan ba ka rabin gaskiya, don ni ba azzalumin ubangida ba ne: a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa. Ɗaya rabin kuma naka ne. Babu zauren WhatsApp da ba ka ciki, daga na tsofaffin ɗalibai zuwa na masu kiwon talo-talo, kuma ka bar wayar tana sauke kowane bidiyo da kanta, ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Shiga saiti, wajen ma'ajiya da data, ka hana ta sauke komai sai ka danna da hannunka. In kana son sanin saura, *323# ne a kowane layi. Saƙonnin tallan da ke tashinka da asuba kuwa, rubuta STOP ka aika wa 2442.

Na yi alkawarin ba zan tono maganar ɓeran nan na wasan Hamster Kombat ba, to amma alkawarin da aka yi wa Bazazzage ba ya hawa kan mutum. A 2024 ka kwashe watanni kana dangwalar fuskar waya, a masallaci kafin a tada iƙama, a wajen zaman makoki, har a kan babur. Kana nuna mana miliyoyin sulalla a allo kana cewa mu jira ranar fashewa, har ka fara tambayar kuɗin fili a Samaru. Ranar 26 ga Satumba ta fashe. Abin da ya faɗo maka bai biya datar da ka ƙona ba, balle man zafin da aka shafa wa babban yatsanka.

Duk waɗannan manyan lambobin ka yarda da su ba tare da ka tambayi kowa ba. Lamba ɗaya tak da take da daraja a wayar, 'yar ƙarama mai gida shida, ita ce ka ɗauka ka miƙa wa baƙo.

Bari in ba jama'a labarin yadda matarka ta ba ni, don naka bakin ya sha gyara. Bayan La'asar aka kira ka. Murya mai laushi, sallama cikakkiya, har da tambayar iyali. Ya kira ka Alhaji, kai da iyakar saninka da jirgi shi ne leƙen na makarantar koyon tuƙi ta katanga a Palladan. Nan take ka gyara zama. Ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet da daddare kan wani tallafi da za a raba, an turo wa kowa lambar shiga, ka duba saƙo ka karanto masa taka don a sa sunanka a jerin farko. Jerin farko! Saƙon ya shigo kuwa, kuma a jikinsa an rubuta ƙarara cewa kada ka ba kowa wannan lamba. Kai ɗan birnin ilimi, wanda jami'ar da aka kafa tun 1962 take bayan gidanku, wanda yake riƙe da wayar hannu tun shigowar layuka a 2001, sai ka karanto masa. Ya ce bai ji ta ƙarshen ba, ka maimaita a hankali, har da "ka samu ko?"

Ya samu.

Washegari kana ta yawo kana cewa an yi maka kutse. Wane kutse? Gidan da aka kulle ake yi wa kutse. Abin ba shi da wani siddabaru: WhatsApp da lambar waya yake gane mutum. Kowa a duniya zai iya sauke manhajar a wayarsa ya rubuta lambarka. Kamfanin ba ya ganin fuska, don haka sai ya aika lambobi shida zuwa layin, ya ce duk wanda ya kawo su shi ne mai asusun. Ɓarawon nan shi ya rubuta lambarka a tasa wayar, saƙon ya zo wurinka, kai kuma ka cika masa aiki. Sunanka da sunan zauren kuwa ba duba ya yi ya gano su ba. Wani ɗan zaurenku aka fara yi wa haka, daga asusunsa aka ga sunayen kowa, aka bi ku ɗaya bayan ɗaya. Daga naka ma an bi wasu.

Kafin Isha'i na ranar da aka kira ka, saƙo ya iso min da hotonka a sama, wannan mai hular da ta fi kan girma. Wai in taimaka maka da dubu 50, manhajar banki ta ƙi aiki, gobe da safe za ka mayar min. Ga lambar asusu, da sunan wani da ko a mafarki ba ka haɗa dangi da shi ba. Ni kam ko gezau. Na farko, rubutu ne, kai kuwa rabonka da rubuta saƙo tun da ka gano maɓallin murya. Ba don WhatsApp ya kawo saurare da ninkin gudu a 2021 ba, da har yau ina kan saƙonka na Sallar bara, wanda gaisuwa kaɗai ta ci rabinsa. Na biyu, an rubuta "wayata ta sami matsala", kai kuwa duk duniya ta san "wayana ya samu matsala" za ka ce. Na uku, wanda ya rufe magana: an yi alkawarin biya gobe. Ɓarawon ya yi bincike a kan komai, bai yi a kan halinka ba.

Amma ba kowa ne ya san ka kamar ubangidanka ba. Goggonku ta Tudun Wada, baiwar Allah, jikanta ya karanta mata saƙon, hankalinta ya tashi, ta kwance bakin zane ta aike shi wajen mai POS da kuɗin adashenta. Nan dariyar ta tsaya min, don wannan tsohuwa ba ta ci zomo ba aka bar ta da ratayawa. Ka biya ta, kuma ka biya ta kafin ka sayi wata caja. Ku kuma masu karatu, duk wanda ya roƙe ku kuɗi a rubuce, ko da hoton mahaifinku ne a sama, ku kira shi ta layi ku ji muryarsa. Kira na minti ɗaya ne.

Dawo da asusun ba wuya, da ka tambaya maimakon zuwa wajen mai rubutun sha. Layin yana hannunka, to sake shiga WhatsApp da lambarka, sabbin lambobi shida su zo maka, kana sa su an fitar da ɓarawon. Sai dai shi ya fi ka sanin gidanka: yana shiga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa nasa lambobin sirri, don haka dole ka jira kwana bakwai kafin a buɗe maka. Wallahi ba mu taɓa samun mako mai albarka irin wannan ba. Babu "barka da Juma'a" mai furanni da tattabaru tun daren Laraba. Babu maganin ciwon suga da hawan jini da basir a ganye ɗaya. Babu "gwamnati na raba kuɗi, danna nan, tura wa zaure goma". Saboda irinka ne fa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, sannan a Afrilun 2020 ya ce wanda ya sha yawo, mai kibiya biyu a kai, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Kai sai ka mai da abin aikin yini, kana bi ɗaya-ɗaya.

Wannan makullin da ɓarawo ya sa maka, tun 2017 yake zaune a wayarka yana jiran ka. Saiti, asusu, tabbatarwa mai mataki biyu. Ka zaɓi lambobi shida naka na kanka, ka haɗa da adireshin imel don ranar mantuwa. Da ka yi haka, ko ka karanto wa mutum saƙon sau goma, zai tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Kuma don Allah ban da 123456, ban da ranar haihuwarka, wadda ma biyu gare ka, ta gida da ta takardar aiki. Shi ma layin ka sa masa lambar sirri, domin masu fizgen waya ba wayar ce kaɗai ke gabansu ba. Layin suke cirewa su sa a wata, su nemo lambar BVN, su bi ta kan kuɗin banki. Ka dai rubuta lambar ka adana a gida, don in ka kuskure sau uku layin zai kulle sai an nemo PUK, kuma na san ka.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce ai duk wayar da ta cuci mutum a Arewa ta Kano ta biyo, daga Farm Centre ko titin Beirut. Ban ce duk mutanen kasuwa waliyyai ba ne, akwai mai mayar da ta hannu cikin kwali ya manne leda ya ce sabuwa ce dal. Amma mu mun san maganinsa: a danna *#06# a gabansa, lambobi 15 su fito, a gwada su da na jikin kwali, a sa ya rubuta su a rasit da sunan shago. Wanda ya ƙi rubutawa, a ba shi kayarsa a yi gaba, don wayar sata in aka bi sawunta, wanda aka samu da ita a hannu shi ke kwana a caji ofis. Kai da aka ba ka rasit, ƙosai ka naɗe da shi.

Ka shigo Kano ranar Asabar in zauna da kai in saita maka wayar daga farko har ƙarshe, ba zan karɓi ko sisi ba, bawa ai ba ya biyan ubangidansa ladan aiki. Kuɗin shara ne dai ba na yafewa, na bara da na bana. Kuma kada ka ce za ka turo ta waya, don ban san wanda ke riƙe da ita a wannan makon ba. Hannu da hannu.